Gem ɗin kwamfuta na zamanin 2000 ma tarihinmu ne, a rubuta shi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, ina roƙon arziki a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya kwana biyu yana ci na. Na san wasu za su ce ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin mota shi kuma wannan ya zo mana da zancen gem, to su yi haƙuri, ko a zaman makoki ma akan ɗan taɓa hira.

Abin da ya tono maganar shi ne, makon jiya muna haɗa kaya za mu tashi daga gidan haya sai na ci karo da wata tsohuwar jakar faya-fayen sidi a ƙasan akwati, duk ta yi ƙura zif ɗin ya ci tsatsa, da ƙyar na buɗe ta. Ga su nan jere da rubutuna na ƙuruciya da baƙar maka: Age of Empires II, Red Alert 2, IGI, Commandos, Vice City faifai biyu, sai wani da na rubuta CM kawai a kai. Babban ɗana mai shekara 12 ya zaro ɗaya yana juya shi yana kallon fuskarsa a ciki kamar madubi, ya ce Abba wannan a ina ake sa shi? Kwamfutar gidan ma ba ta da ramin sa faifai. Wallahi Malam Edita nan take na ji tsufa ya sauko min gaba ɗaya.

Yaran yanzu ba za su gane yadda kwamfuta take a wajenmu a wancan lokacin ba. Wayar salula ta GSM sai a watan Agustan 2001 ta shigo Najeriya, kafin nan in ka ga kwamfuta to a ofishin gwamnati ne ko banki ko shagon masu buga takardu ko makarantar koyon kwamfuta, a lulluɓe da ƙyalle kamar amarya, wani wurin ma sai ka cire takalmi kafin ka shiga ɗakin wai kada ƙura ta sa mata cuta. Yawanci 'yan gwanjo ne, Pentium II ko III, da Windows 98, da talabijin ɗinta mai ƙatuwar ƙeya, da linzami mai ƙwallo a ciki wanda sai ka riƙa buɗewa kana kankare dattin da farce. Ni a shagon wani yayanmu mai buga takardu na fara taɓa ta, aikina share shago da sayo mai a galan, ladana kuma in an tashi aiki da yamma a bar ni da ita awa guda.

Kowa da Solitaire, wasan kartar nan na cikin Windows, ya fara, kar wanda ya yi mana ƙarya. Shi da Minesweeper wanda har yau ban ga mutum biyu da suka san dokarsa ba, dannawa kawai muke har bam ya tashi, sai Pinball ɗin nan na Windows XP. A makarantar kwamfuta kuma Mavis Beacon ce malamar kowa, ita ta koya wa dubban masu taifin ajiye yatsu a kan kibod. Sai Dave da Prince of Persia da ake yawo da su a fulofi, faifan da bai wuce megabait 1.44 ba, wato hoto ɗaya na wayarka ta yanzu ba zai shiga ba amma gem sukutum yana ciki har da sauran wuri. Prince ɗin nan na 1989 ne, minti 60 ake ba ka ka fita daga kurkuku ka ceto gimbiya, ni dai ban taɓa ganin gimbiyar da idona ba, ƙarafan nan masu datse mutum ne suke gamawa da ni.

Amma ainihin abin ya fara ne da aka samu masu cin sidi. Kuma a nan nake so a gane wani bambanci, gidajen gem na unguwa da muke kai kuɗin tara ai Sega da PlayStation ne suka cika su, ƙwallo da Mortal Kombat, a biya a buga wanda aka ci ya tashi. Gem ɗin kwamfuta daban ne, shi zama yake so, kamar karatu, sai ka kwana kana abu ɗaya.

Ɗauki Age of Empires II, na 1999, wanda kamfanin Ensemble Studios ya yi Microsoft ta fitar. Za a ajiye ka a daji da 'yan ƙauyawa uku da mahayi ɗaya da tumaki, abu huɗu za ka tara, abinci da itace da zinari da dutse, daga nan ka gina gidaje da gonaki da kasuwa da barikin soja har ka kai ga ganuwa da fada. In ka zuba komai a soja yunwa ta kashe garin, in ka tsaya noma kawai maƙwabci ya zo da dawakai ya ƙone ka, to ka ga duk wanda ya yi wannan gem ɗin ya san abin da ake nufi da kasafi tun kafin ya ji kalmar a rediyo. Ƙabilu 13 ne a ciki, mu kuma kusan kullum Larabawa muke ɗauka saboda in ka danna ɗan ƙauye da Larabci yake amsa maka, ga mayaƙa a kan raƙuma suna jifa da takubba. A cikinsa na fara bin labarin Salahuddin Ayyubi da yaƙin 'yan Salibiyya daki-daki, da Jengis Khan na Mongoliya, da yarinyar nan ta Faransa Joan of Arc, ina da ƙamus a gefe ina duba kalmomi domin in ba ka fahimci abin da aka ce ka yi ba to haka za ka yi ta yawo a taswira har a zo a cinye ka. Ba na cewa tarihin ciki daidai yake ɗari bisa ɗari, Turawa ne suka tsara shi da idonsu, amma shi ya sa ni zuwa laburare neman littafi a kan Ƙudus, abin da bulalar malamin tarihi ba ta sa ni ba.

Sai kalmomin cuwa-cuwa, wato cit, waɗanda muke rubutawa a bayan littafin lissafi muna ɓoyewa kamar laya. Ka rubuta robin hood zinari ya zubo, lumberjack itace, rock on dutse, sai wata doguwa, how do you turn this on, wadda take kawo maka mota mai harbi a tsakiyar zamanin takobi da kibiya. Yaron da ba zai iya rubuta sunan makarantarsu daidai ba amma wannan ko harafi ɗaya ba ya kuskurewa.

Red Alert 2 na shekarar 2000 shi ma irin wannan ne sai dai na zamani, Amurka da Rasha, tankoki da jiragen balan-balan masu sakin bam, shi sauri yake so ba dogon tunani ba. StarCraft kuma na 1998 mu nan bai kama mu sosai ba, amma a Koriya ta Kudu har a talabijin ake nuna gasarsa, matasa suna karɓar albashi a kansa tun lokacin da mu ake dukanmu saboda shi.

Na harbi kuwa, in aka ce IGI duk wanda ya yi zamanin sai ya yi murmushi ko ya yi tsaki. Wani kamfani ne a Norwe mai suna Innerloop ya yi shi a 2000, kai ne David Jones, kai kaɗai za ka shiga sansanin soja ka lallaɓa ka kashe kyamara ka hau hasumiya da bindiga mai madubi, kuma babban abin da ya sa ya zama azaba shi ne ba a sebin, wato ajiye inda ka tsaya, a tsakiyar mishan, ko ka kai bakin ƙofar ƙarshe aka kashe ka to ka koma farko. Yanzu haɗa wannan da wutarmu. Na taɓa shafe kusan minti arba'in ina rarrafe a wani mishan, na kashe kowa, saura in taka 'yan matakai, sai ɗif aka ɗauke wuta, ba UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta, na zauna a cikin duhu ina kallon gilashin da ya mutu, yayanmu yana ta dariya har da riƙe ciki. Washegari na dawo na sake daga farko. Ni dai ban san wata makarantar haƙuri da ta wuce wannan ba.

Commandos na 'yan Sifen ne, 1998, shi kuma kamar dara yake, mutum shida kowa da sana'arsa, wannan mai wuƙa, wannan mai nutso a ruwa, wannan ɗan leƙen asiri mai satar kakin abokan gaba, kana kallon inda idon mai gadi yake haskawa kana lissafin daƙiƙa. Mukan taru mu huɗu a kan kujera biyu, ɗaya na riƙe da linzami sauran na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Max Payne na Finlan ya zo a 2001 da salon nan na rage gudun lokaci kana tsalle harsashi na tafiya a hankali, Hitman na Denmak a 2000. Half-Life kuma na 1998 shi ne ya haifi Counter-Strike, wanda wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙera a kansa a 1999 don nishaɗi kawai, kamfanin Valve ya ga abin ya karɓu ya saye shi ya ɗauke su aiki. Ni sai da na shiga jami'a na same shi, a hostel, an ja waya daga ɗaki zuwa ɗaki ta taga an haɗa kwamfutoci, ba intanet ba data, sai ihu kawai kake ji cikin dare wani ya harbe wani ta bayan akwati.

Na tsere ba sai na daɗe a kai ba, Need for Speed da 'yan sanda na bin ka, da Road Rash inda kake kan babur kana shaurin na kusa da kai, wanda in ka ga yadda wasu 'yan acaɓa suke tuƙi a lokacin sai ka rantse a can suka yi digiri. The Sims na 2000 ƙannenmu mata suka fi so, a gina gida a sayi kujeru a aurar da mutane, mu muna musu dariya ashe yana cikin waɗanda suka fi kowane ciniki a duniya.

Amma wanda ya cinye min rayuwa shi ne faifan nan mai CM, Championship Manager na kakar 2001 zuwa 2002. Malam Edita gem ne na ƙwallo wanda ba ka ganin ƙwallo ba ka ganin fili, rubutu ne kawai yake walƙiya a ƙasa yana gaya maka wane ya ba wane, ya buga, ta daki turke, kai kuma zuciyarka na dukan uku-uku kamar kana filin wasa na Sani Abacha. Kai ne koci, kai ne mai sayen 'yan wasa, kai ne mai rigima da hukumar kulob a kan kuɗi. Kuma abin alfaharinmu shi ne 'yan Najeriya suna cikin zinaren gem ɗin, duk wanda ya san hannunsa abu na farko da zai yi shi ne ya ɗauko Taribo West da yake zaune ba kulob a kyauta, sannan ya leƙa Shakhtar Donetsk ta Yukren ya sayo Julius Aghahowa da Isaac Okoronkwo. Shi ya sa ranar da Aghahowa ya ci Suwidin da ka a gasar cin kofin duniya ta 2002 ya yi ta alkafura, mu 'yan CM muka riƙa kallon mutane muna cewa ai mun daɗe da saninsa, kamar mu muka rene shi. Akwai ma wani ɗan gaba na Fotugal, To Madeira, mai cin ƙwallo kamar aljani, daga baya aka gano babu shi a duniya, wani mai tattara musu bayanan 'yan wasa ne ya cusa shi a ciki. Sunayen garuruwan Turai da kuɗaɗensu da tutocinsu duk a nan na haddace su, ba a ajin jogurafi ba.

To ga inda na dosa. Duk wanda na sani a tsaranmu da yau yake cin abinci da kwamfuta, mai gyara ne ko mai haɗa netwok a banki ko mai rubuta manhaja, in ka bi salsalarsa za ka tarar gem ne ya jawo shi. Domin a lokacin gem ba ya tashi haka kawai. Sai ka koyi ɗora shi, ya ce maka DirectX ɗinka, wata manhaja da gem ke buƙata, ya tsufa, ka nemo, ya ce ram, wato ƙwaƙwalwar aikin injin, bai isa ba, ka buɗe cikin injin da sukundireba hannu na rawa ka ƙara, ya ce babu wuri a had dis, wato ma'ajiyar kwamfutar, ka koyi goge abin da ba shi da amfani, wata rana ka goge mai amfanin Windows ta ƙi tashi ka sha faɗa sannan ka koyi sake ɗora ta daga farko. Faifan ma gaskiya a faɗe ta yawancinsu kofi ne na bayan fage, ba mu taɓa ganin na asali da kwalinsa ba, wani ya zo da bairos ya cinye takardun mutane, nan ma ka koyi maganinsa dole. Ba wanda ya ba mu satifiket amma wannan ita ce makarantar.

Ba ina wanke su tas ba ne. Mun yi asarar lokaci, akwai wanda ya faɗi jarrabawa saboda CM, akwai sallar la'asar da aka haɗa da magariba ana cewa bari in ƙarasa wannan mishan ɗin, Allah ya yafe mana. Vice City kuwa, wanda ya zo kwamfuta a 2003, ba na yara ba ne ko kaɗan, sata da kisa da abubuwan da ba sa faɗuwa a jarida, mun yi shi ne saboda iyayenmu ba su san abin da ke ciki ba, kuma faifansa biyu na zare su daga jakar kafin yaron ya gani. Amma duk da haka akwai wani mutunci da na wancan zamanin suke da shi, in ka samu faifan ka samu gem ɗin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, ba talla, ba sai da data ba, ba wanda zai tsayar da kai a tsakiya ya ce sayi lu'ulu'u ko ka jira awa shida. Na wayar yaran yanzu da yawansu an gina su ne don su tatsi aljihu, akwatin sa'a da juya ƙafar sa'a, daga nan zuwa shagon bet taku nawa ne? Iyaye kuma sun haɗa su duka sun kira su gem, wasu su hana gaba ɗaya wasu su sake gaba ɗaya, ba mai zama ya duba wanne ne wanne.

Sannan abin yana ɓacewa. Wata gidauniya a Amurka mai adana tarihin wasannin bidiyo ta fitar da bincike a 2023 cewa kashi 87 cikin 100 na tsofaffin gem da aka fitar a can ba a samun su a kasuwa yanzu. Wasu sun tsira, shagon intanet na GOG da 'yan Folan suka buɗe a 2008 yana gyara tsofaffi su yi aiki a sabuwar kwamfuta, Age of Empires II ma an sabunta shi a 2013 an kuma sake a 2019, har an ƙara daular Mali da Habasha da Berber a 2015. To su Turawa suna adana nasu, mu labarin yadda muka same su, shagunan da kafe-kafen intanet da ɗakunan hostel, wa zai rubuta in ba mu ba?

Abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne wannan. A watan Agustan 2021 aka ƙara wa Age of Empires III wani sashe mai suna The African Royals, kuma Hausawa na ciki a matsayin ƙabilar da za ka ɗauka ka yi wasa da ita, Sarauniya Amina ce jagora, ga mahaya masu lifidi, ga maigadi, ga maharban Fulani, ka danna soja ya amsa maka da Hausa, har da yaƙin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 a cikin labaran. Ranar da na fara gani tsigar jikina ta tashi, yaron da ya girma yana jin Larabci da Turanci a gem yau ga harshen uwarsa. Amma daga baya sai na ji wani iri, domin wasu ne can suka zauna suka karanta mu suka zana mu suka sayar wa duniya, mu ko labarin ba mu ba juna ba. Kuma in ka duba waɗanda na lissafa a sama, Norwe, Finlan, Denmak, ba wasu ƙasashe ne masu yawan jama'a ba, kowaccensu jihar Kano ta fi ta mutane nesa ba kusa ba. RollerCoaster Tycoon na 1999 ma kusan mutum ɗaya ne ya rubuta shi, Chris Sawyer ɗan Sikotlan. Ganuwar Kano da yaƙe-yaƙenta da Katsina da Kwararrafa da fataucin goro zuwa Gwanja, wanne ne bai isa gem ba?

Don haka roƙona gare ka Malam Edita, shafinku na kimiyya da fasaha kullum sabuwar waya ce da farashinta da yadda ake tsare asusun WhatsApp, ba laifi, amma a ɗan ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata a kan wannan fanni. A nemo tsofaffin masu kafe da masu gyaran kwamfuta su ba da labari tun suna da rai da ƙwaƙwalwa, a riƙa yi wa iyaye bayani da Hausa wane gem ne ya dace da ɗan shekara 8 wanne ne caca da aka yi wa kwalliya, in kuma akwai matasanmu da suke ƙoƙarin ƙera nasu a fito da su mu san su. In kuna neman mai rubutawa kyauta ga ni, jakar tana nan ban yar ba.

Shi kuwa yaron, na je wajen wani abokina mai gyara na aro tsohuwar laftof mai Windows 7 da ramin faifai, muka goge sidin Age of Empires II da gefen riga muka sa, ya yi ƙara kamar injin markaɗe sannan ya tashi, launin ciyawar da na ruwan ya ɗan rikice amma yana yi. Yanzu haka da nake wannan rubutun yana ɗaki, ƙauyawa tara kacal gare shi ko gona ɗaya bai yi ba ya kwashe abincin duka ya sayi sojoji wai zai je ya rusa fadar abokin gaba, na ce masa ya fara noma tukuna ya ce Abba ka bari kawai ka gani. Cit ɗin dai ban ba shi ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
wani tsohon ɗan gem daga Kano